Mun iya ƙona mashaya, mun kasa shimfiɗa wa mashayi tabarma

Shekara goma sha tara ke nan ina riƙe da alli, kuma har yau ban ga malamin da ya iya koyar da lissafi kamar wani abokina da muka fito makarantar horar da malamai tare ba. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi garin ba. Yaron da rabawa ta gagara, in ya zauna ajinsa wata biyu sai ka ga kansa ya buɗe. Amma mu da muke aiki tare da shi mun san wani abu. Kafin ƙarfe goma na safe hannunsa rawa yake yi, har alli yakan kuɓuce masa. In aka fita shan iska sai ya hau babur ya ɓace na minti ashirin, ya dawo yana tauna goro, hannun ya natsu. Darakta ya sani, ni na sani, mai gadi ya sani, ƴan CM2 ma sun sani tunda har suna suka raɗa masa. Shekara huɗu muna haka, ba a samu mutum ɗaya da ya zaunar da shi ya ce masa komai ba. Ni ma ina cikin waɗanda suka yi shiru.

Da iyaye suka kai ƙara, sai aka yi abin da aka saba yi. Aka ɗauke shi aka kai wani ƙauye mai nisa, inda babu matarsa, babu abokansa, babu wanda zai sa masa ido. Aka rufe takarda, aka ce an magance matsala.

Da azumi ya kama ya dawo gida, ya rantse ya bar giya daga ranar. Daren farko bai runtsa ba. A dare na biyu ya faɗi yana fizge-fizge kamar mai farfaɗiya. A na uku yana ganin ƙwari suna bin bango, zufa na zuba, bai san inda yake ba. Dangi suka ce iska ce ta taɓa shi. Ƙarfe biyu na dare matarsa ta buga mini waya tana kuka: "Malam, don girman Allah ka zo, abokinka zai mutu mini a ɗaki." Muka ɗauke shi zuwa asibiti, ya yi kwana tara. Ranar sallama wani ma'aikacin jinya ya ja ni gefe ya ce: "Mushe, mu mun yi namu. In ya koma irin zaman da ya fito, nan da wata uku za ku dawo da shi, in ya yi sa'a. Ku nema masa mutanen da suka san wannan ciwo a jikinsu, ya riƙa zama da su."

Wata biyu na yi ina neman mutanen nan. Na je CSI ta unguwarmu, na tambayi limamai biyu, na bugo wa abokai a Yamai da Damagaram. Kowa sai ya ce shawara ce mai kyau, amma bai san inda ake irin wannan zama ba. A intanet na samu tarurruka da Faransanci da Ingilishi, da agogon wasu ƙasashe, masu cin kuɗin mega da albashin ɗan kwantaragi ba ya ɗauka. Ɗaki ɗaya a garinmu, inda mutum zai shiga ya ce da Hausa "giya ta fi ƙarfina" ba tare da an tofa masa yawu ba, ban same shi ba.

Wannan shi ya sa nake rubutun nan, kuma da mu nake, malamai da iyaye.

Abu na farko da ya kamata mu bari shi ne ƙaryar da muke yi wa kanmu cewa wannan ba matsalarmu ba ce, tunda mu ƙasar Musulmi ce. Gaskiya ne akasarin mutanenmu ba su taɓa kai giya baki ba, kuma wannan alheri ne. Amma duk malamin da ya taɓa sa yara sharar bayan katangar lakwal ya ga ƴan ledojin barasa da ake tsotsewa a yar. Kuɗinsu bai kai na farantin shinkafa ba, suna shiga aljihu, kuma barasar da ke cikinsu ta ninka ta kwalbar giya sau da yawa. Ba aljanu ke shan su ba. Akwai ɗan kabu-kabu, akwai ma'aikacin gwamnati, akwai ɗalibin lise, akwai mu malamai, musamman wanda aka jefa ƙauye shi kaɗai yana jiran albashin da ba ya zuwa kan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya, kuma kimanin mutum miliyan 400 ke fama da ciwon shanta. Wa ya ba mu takardar cewa ba mu da kaso a ciki? Bambancinmu da wasu ƙasashe shi ne namu mashayin a ɓoye yake sha, da sauri, shi kaɗai, kuma a ɓoye yake mutuwa. Sai a ce ciwon hanta ne, ko hatsarin babur.

In ana maganar nuna fushi kan giya, ba a bar mu a baya ba. A watan Nuwamba na 2000, lokacin tarzomar adawa da bikin FIMA, an far wa mashaya a Maraɗi. A watan Janairu na 2015 an ƙona wasu a Damagaram da Yamai. Ina tambaya: cikin waɗanda suke sha a wuraren nan, mutum nawa ne wutar ta warkar? Kwalabe sun fashe, ƙishirwar tana nan a jikin mai ita, washegari ya nemi wata hanya. Ƙarfin da muka samu na ɗaukar man fetur da ashana, ba mu taɓa samun rabinsa ba wajen ɗaukar tabarma da butar shayi mu ce wa mutumin nan zo ka zauna.

Dubi abin da muke yi a gida in ɗa ko miji ya kamu. Uba ya tsine masa, ko ya kore shi. Uwa ta ɓoye, tana biyan bashin da ya ci don kada maƙwabta su ji. Wasu su ce a yi masa aure zai natsu, sai a ɗauko ƴar mutane a jefa ta cikin wuta, nan da shekara biyu masu wahala sun zama uku. Wasu su sayo garin magani wurin mai lasifika a kasuwa, a riƙa barbaɗa masa a tuwo bai sani ba. Wasu kuma su kulle shi a ɗaki, har da mari a ƙafa, wai sai giyar ta fita daga jininsa.

Wannan na ƙarshe kisan kai ne da kyakkyawar niyya, kuma ina roƙon kowane uba ya karanta wannan sakin layi sau biyu. Mutumin da ya daɗe yana sha kullum, jikinsa ya saba da barasa har ƙwaƙwalwa ta daidaita aikinta a kanta. In aka yanke masa rana ɗaya, cikin awa 6 zuwa 24 rawar jiki da zufa da amai za su fara. Cikin kwana biyun farko yana iya faɗuwa da fizga. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu wasu sukan shiga ruɗewa mai tsanani, da zazzaɓi da gane-gane, kuma wannan tana kashewa in ba a kai asibiti ba. Likitoci suna da maganin da ke sauko da mutum a hankali, suna kuma ba da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Saboda haka wanda hannunsa ke rawa da safe sai ya sha ya natsu, kada ya daina shi kaɗai a ɗaki, ko da azumi ne ya kama. Ya fara da likita. A Yamai akwai sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa, wanda kowa ya sani da Pavillon E, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. A jihohi a fara da CSI ko asibitin gunduma, su za su tura inda ya dace.

Sai dai asibiti kwana goma ne, sauran rayuwa kuma tana waje. Nan ne ƙungiyar masu jinyar juna take shigowa, kuma bari in faɗi asalinta don masu cewa ba su san abin da nake nufi ba. A shekarar 1935, a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka, wani ɗan kasuwar hannun jari mai suna Bill Wilson, wanda ya yi ƴan watanni da barin giya, ya je harkar kasuwanci ta watse masa. Yana otal shi kaɗai ya ji ƙishirwar ta taso. Maimakon ya shiga mashaya sai ya shiga buga waya yana neman wani mashayi da zai yi magana da shi. Aka haɗa shi da wani likitan fiɗa, Bob Smith, wanda giya ta kusa gamawa da shi. Suka zauna suka yi ta magana. Abin da suka gano shi ne mashayi yana jin maganar ɗan uwansa mashayi ta inda ba ya jin ta likita ko ta matarsa, kuma mai taimakon ma taimakon kansa yake yi. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo tushe, wadda masu Faransanci ke kira Alcooliques Anonymes. A 1951 aka kafa Al-Anon domin mata da ƴaƴa da iyayen masu sha, tunda su ma ciwon yana cin su.

Tsarin ba shi da wuya. Sharaɗin shiga ɗaya ne, mutum yana son ya daina. Ba a biyan kuɗin rajista, ba a rubuta sunan kowa, ba a karɓar kuɗin wani daga waje. Ana zama a kai a kai, kowa ya faɗi abin da ya same shi, ba mai katse shi, ba mai yi masa wa'azi. Sabon shiga yakan samu wani da ya daɗe da dainawa, wanda zai iya bugo wa ko da tsakar dare. Ba a ce wa mutum ya yi alkawarin har abada, ana ce masa ya riƙe yau kaɗai, gobe ma a sake. In ya faɗi ya dawo, ba a rufe masa ƙofa. A shekarar 2020 cibiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta duba bincike 27 da suka shafi mutum fiye da 10,000, ta samu cewa wannan hanya tana kai mutane ga barin giya gaba ɗaya daidai da sauran hanyoyin jinya da ƙwararru ke bi, wani lokaci ma ta fi su, ga kuma sauƙin kuɗi. Ba kowa take yi wa aiki ba. Amma a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa, abin da ke buƙatar ɗaki da tabarma kawai bai kamata a raina shi ba.

Na san abin da za a ce, don an faɗa mini a ido. Wani abokin aiki ya ce: "Malam, wannan ai tsarin Nasara ne, mu muna da tuba." Ban musa ba cewa waɗanda suka kafa ƙungiyar sun taso ne cikin wata tafiya ta Kirista. To, allon da muke rubutu a kai da allurar rigakafin da muke kai ƴaƴanmu fa, daga ina suka zo? Musulmin Amurka sun ɗauki tsarin suka gina nasu a kan Alƙur'ani da Sunna, suka kira shi Millati Islami, tun 1989 a garin Baltimo. A Iran, ƙungiyar masu barin ƙwaya da ke bin irin wannan tsari tana cikin mafi girma a duniya. Su ba su ga ya ci karo da tuba ba, don tuba niyya ce tsakanin bawa da Ubangijinsa, zaman kuwa shi ke taimaka wa mutum ya riƙe niyyar ranar Talata da yamma, lokacin da albashi ya shigo kuma ƙafarsa ta san hanya.

Kuma in addini za mu kawo, mu kawo shi duka. Duk wanda ya yi karatun allo ya san haramcin giya bai sauka rana ɗaya ba. An fara da bayanin cewa cutarta ta fi amfaninta a Suratul Baƙara, aka hana kusantar salla cikin maye a Suratun Nisa'i, kafin hani na ƙarshe a Suratul Ma'ida. Kuma a cikin Buhari akwai labarin sahabin da aka sha kawowa saboda giya, har wani ya la'ance shi, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. A wata ruwayar ya hana a taimaki Shaiɗan a kan ɗan uwa. Mu da muke tsine wa ƴaƴanmu muna kora su titi, wa muke taimako?

Wasu kuma suka ce tara masu shan giya wuri ɗaya tonon asiri ne, garinmu ƙarami ne. Wannan damuwa ce ta gaskiya, ita ce ma ta sa aka gina tsarin a kan sirri. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, asirin wa ake rufewa? Abokina duk gari ya san yana sha, yara suna kwaikwayon tafiyarsa. Abin da muke kira rufin asiri shi ne kowa ya sani, kowa ya yi gulma, kada dai wani ya taimaka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Masu cewa irin wannan zama ba al'adarmu ba ce su suka fi ba ni mamaki. A nan jihar Maraɗi, a 1991, ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara: mata ashirin zuwa talatin, zama mako-mako, akwati ɗaya, doka ɗaya, amana ɗaya. Daga ƙauyukanmu wannan tsari ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Matan da yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba sun nuna wa duniya yadda talakawa ke riƙe juna. Samarinmu kuma kowace unguwa suna da fada, suna kwana a bakin butar shayi. Mun iya adashi, mun iya zaman makoki na kwana bakwai. Zama don wanda yake da rai kuma yana nutsewa ne kawai ba mu iya ba?

Ga abin da na koya, ga wanda ke nema wa kansa ko wa wani nasa. A fara da ma'aikacin lafiya, a faɗa masa gaskiyar yawan abin da ake sha da tsawon lokacin, a tambaye shi kai tsaye ko ya san wasu da suka daina waɗanda za su yarda a haɗa su. Ma'aikatan jinya sun san su, don su suka yi jinyarsu, sai dai ba za su ba da sunan kowa ba sai da izininsa, kuma haka ya dace. Wanda ke jin Faransanci ya shiga taron intanet ko sau biyu ne, ya ga yadda ake gudanar da shi. In aka samu ƙungiya, a auna ta: in ana neman kuɗi masu yawa, ko ana sayar da magani, ko ana ɗaukar hoto don a nuna wa masu ba da tallafi, ko ana dukan mutane da ɗaure su, ko ana hana su shan maganin likita, a gudu. In ba a samu ba, mutum biyu sun isa farawa, tunda da biyu aka fara a Akron.

Mu malamai muna da abin da ya fi ƙaranci, wato ɗaki. Ajinmu a kulle yake daga yamma har safe, da ranakun hutu. Darakta da kwamitin gudanar da makaranta suna iya ba da mabuɗi awa ɗaya a mako ba tare da sun tambayi sunan masu zuwa ba. Ƙungiyar iyayen ɗalibai da ta iyaye mata suna iya kiran ma'aikacin lafiya sau ɗaya a shekara ya yi bayanin alamomin ciwon da hatsarin yankewa kai tsaye. Ƙungiyoyinmu na ƙwadago, da suka iya rufe makarantu saboda albashi, su sa wannan cikin buƙatunsu: malamin da ya kamu a ba shi hutun jinya da sharaɗin zuwa likita, a daina jefa shi ƙauye. Ba ina cewa a bar mai maye ya tsaya gaban yara ba. Yaro yana da haƙƙin malami mai hankalinsa, kuma wanda ya zo aji a buge a fitar da shi ranar. Amma ɗauke shi daga lakwal ɗin gari a kai shi ta ƙauye, ma'anarsa ƴaƴan talakawan ƙauye su suka cancanci abin da ƴaƴanmu suka ƙi. Wannan zalunci ne biyu a takarda ɗaya.

Ku kuma iyaye, ku daina biyan bashin giya, ku daina yi masa ƙarya wurin aiki, don hakan tsawaita ciwon yake yi. Amma kada ku rufe ƙofa. Ku zaɓi lokacin da yake cikin hankalinsa, ku faɗa masa abin da kuka gani da idonku, ku ce za ku raka shi asibiti. In yana dukan matarsa ko yara, a fara da kare su, wannan ba ya jira. Matar mashayi ita ma tana buƙatar wadda za ta zauna da ita, ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Abokina fa? Ma'aikacin jinyar nan ne ya haɗa shi da wani tsohon direba da ya shekara shida bai sha ba. Daga baya wani tela ya shigo. Su uku suke zama ranar Alhamis bayan sallar isha'i, a wani aji da na karɓo musu mabuɗinsa. Ni ba na shiga, ba wurina ba ne, iyakata in buɗe in koma gida. Bayan wata biyar abokina ya faɗi, ya yi kwana huɗu yana sha. Direban ne ya je har gida ya zauna a zaure ya ƙi tafiya sai da ya fito. Yanzu ya shekara ɗaya da wata biyu. Ban san gobe ba, shi ma bai sani ba, kuma ya ce mini an koya masa kada ya ƙirga goben. Na dai ga ya rubuta lissafi a allo, layin ya miƙe.

Makon jiya matarsa ta aiko mini da tambaya, wata maƙwabciyarta tana son sanin ko akwai irin wannan zama na mata, don ɗanta ne ya kamu kuma ba ta da wanda za ta faɗa wa. Ban da amsar da zan ba ta. A makarantarmu akwai aji shida, ɗaya kawai ake buɗewa ranar Alhamis. Wace malama ce za ta karɓi mabuɗi na biyu?

Allah Ya shirye mu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.